In kwamfuta ta ce a dakata, kada mu fizge kile

Yau a Maraɗi da wuya ka sami ɗan kasuwar da ba ya da ɗan abin nan da muke kira kile, wanda ƴan'uwanmu na Jibiya da Katsina ke ce wa filash. Maza na rataya shi da mabuɗan shago, mata kuwa su ƙulle shi a bakin zane tare da canji. A cikinsa muke zuba rasiɗin kaya, da takardun duwan, da hoton katin ɗan ƙasa, da sunayen masu bashi, har da lissafin adashi. Yawancinmu ba mu da kwamfuta a gida, sai dai mu kai wa yaran da ke buga takardu a bakin kasuwa su buɗe, su buga, su miƙo mana abinmu. To a wurin miƙowar nan ne ɓarnar take, kuma ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Kwanan baya wata maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, wadda ita ce uwar adashin matan layinsu, ta je a ƙara mata sunayen waɗanda suka zuba. Yaron ya gama rubutu, ya danna wurin cirewa, kwamfuta ta ce ana amfani da kile ɗin. Ya sake dannawa, ta ƙi. Ita kuma ta baro shago hannun ƙaramar yarinya, ga ɗan kabu-kabu na jiranta a waje. Sai ta ce, "Ɗana, ba ni abuna in tafi." Ya ce, "To Hajiya," ya fizge ya ba ta. Ranar kwasa ta koma a buga mata jerin, kwamfuta ta ce ba ta san wannan kile ba, sai an wanke shi. Takardar da ta rubuta da hannu kuwa tuni ta yar. Mata biyu kowace ta rantse cewa kwasarta ce, daga ƙarshe Hajiya ta cika daga jarinta don kada sunanta ya ɓaci.

Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa, domin ba taurin kai kwamfutar ke yi ba. Duk wanda ya taɓa lodi a tasha ya san cewa buhunan da aka jibge a gindin mota ba su shiga mota ba tukuna. Haka ita ma wani lokaci takan tara abin da aka rubuta a wurinta, sannan ta riƙa zuba shi cikin kile a hankali, alhali a allo ana ganin kamar an gama. Ban da wannan, a cikin kowane kile akwai wani ɗan jeri da ke nuna inda kowace takarda take, kamar littafin mai shago. Idan aka fizge a daidai lokacin da ake gyara wannan jerin, kayan na iya kasancewa a ciki amma babu mai sanin inda suke. Danna wurin cirewa, wato inda aka rubuta Éjecter a kwamfutar da ke Faransanci, ko Eject a ta Turanci, tamkar ce wa ƴan dako ne su ƙarasa lodi a ɗaure igiya kafin direba ya ja.

Idan ta ƙi, kusan kullum dalilin ƙarami ne. Ko dai takardar da aka buga tana nan a buɗe, ko hoto, ko waƙar da yaron ke saurare daga cikin kile ɗin, ko kuwa manhajar kashe ƙwayar cuta ce ke bincikensa. A rufe duk abin da aka buɗe, har da tagar da ke nuna kayan ciki, a ɗan jira, a sake gwadawa. In injin buga takarda bai gama fitar da shafi ba, a bari ya gama. In duk an yi ta kafe, akwai hanyar da ba ta buƙatar ilimi: a kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, a bari ta mutu gaba ɗaya, sannan a zare. Duka-duka minti nawa ne? Mu da kan wuni a Ɗan Isa muna jiran takarda ɗaya, bai kamata a ce wannan ɗan jiran ya gagare mu ba. Sauri ya haifi nawa.

Mun san akwai yaran da za su ce ai wannan tsohon yayi ne. Suna da ɗan gaskiya. A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya sanar cewa daga Windows 10 ta ƙarshen 2018 an saita ta yadda ba za ta riƙa tara rubutu a wurinta ba, don haka ana iya zare kile ba tare da dannawa ba. Amma ko a nan ɗin, in aka zare ana tsakiyar kwafi ko ajiya, an yi ɓarna. Kuma wa ya san shekarun kwamfutar da ke shagon, ko wanda ya taɓa saitinta kafin ta iso Maraɗi? Ba a kan dukiyar mutane ake gwaji ba.

Saboda haka laifin namu ne mu biyu. Mu masu kaya mu daina tsayawa a kan yara muna yi musu tsawa. Su kuma masu shagunan buga takardu, tunda kuɗi suke karɓa, su koya wa yaransu cewa "Hajiya ki yi haƙuri minti biyu" ba rashin kunya ba ne. Wadda ta biya kuɗin mota daga Tibiri, ko wanda ya zo daga Jiratawa da jerin sunayen ƙungiyar manoma, ba ƙaramin zalunci ba ne a sallame shi da kile ɗin da ya lalace bai sani ba, sai ya koma gida ya gane.

Akwai kuma fizgewar da ba hannu ke yi ba, wato ɗaukewar wuta. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, ba a maido ba sai a Maris 2024. Kwamfutar tebur da ba ta da akwatin batir mai riƙe wuta, in ta mutu ana tsakiyar ajiya, illarta ɗaya da fizgewa. Shi ya sa ba mu yarda a ce kile kaɗai ne ma'ajiyar lissafi ba. A buga a takarda a ajiye a shago, a kuma ɗauki hoton takardar da salula.

In kuwa abin ya riga ya faru, kwamfuta ta nemi a wanke kile ɗin, wato ta nuna kalmar Formater ko Format, to a ce a'a. Garin neman gira kada a rasa ido, domin wankewar za ta share ɗan abin da ya rage na jerin. A cire shi, kada a ƙara zuba komai a ciki, a kai wa wanda ya iya ceto takardu da manhaja, kuma a tsaya a kansa a ga ya kwashe abin da ya samu zuwa wani wuri daban kafin ya taɓa gyaran kile ɗin.