Ciniki da Hausa, ƙorafi da Faransanci

Ranar da za a sayar maka da salula, kowa Bahaushe ne. Allon talla na bakin titi da Hausa yake kiranka, rediyo na yi wa sabuwar waya kirari da Hausa, yaron kanti kuma ya tarbe ka da "sannu da zuwa Alhaji" ko da ba ka taɓa taka filin jirgi ba. Amma ranar da gilashinta ya ɗauke, ko ta daina shan caji, ko ta riƙa mutuwa ana tsakiyar magana, ranar kake gane cewa kai baƙo ne a cinikin da ka biya da guminka. Harshen da aka karɓi kuɗinka da shi ba shi ne harshen da za a saurari kukanka da shi ba.

Duk mai salula ya san zagayen. Ka kira kamfanin layi, murya ta na'ura ta yi ta jero maka lambobin da za ka danna, kiɗa ya biyo baya, daga bisani wani ya ɗauka ya ce reso ɗinsu lafiya lau, matsalar daga wayarka take. Ka koma kanti, a ce su sayarwa kawai suke yi, ka nemi ofishin kamfanin da ya ƙera ta. Idan kuwa aka ce ofishin sai Yamai, to mutumin Damagaram yana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabansa, domin wayar da kuɗin mota zuwa da dawowa ya kusa kai kuɗinta. Kowa ya turo ka ga na gaba, kamar ɗan aike da ba a san wanda ya aiko shi ba.

Ko inda aka tanadi mai amsa kira da Hausa, kalmomin ne kaɗai na Hausa. Takardar da ke gabansa fassara ce, kuma shawarwarinta ba su cika wuce uku ba: kashe wayar ka kunna, cire kati ka mayar, in ta ƙi ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Na farko da na biyu ba su da illa, ɓata lokaci ne kawai, domin babu wanda ke kira sai ya riga ya gwada su. Na ukun nan ne abin tsoro, kuma a kansa nake so mai karatu ya dakata.

Mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta yana nufin goge duk abin da ke cikinta. Ku ɗauki mace mai sana'a a cikin gida, mai turaren wuta ko mai ɗinki, wadda cinikinta duka ta saƙon murya na WhatsApp yake tafiya. Littafin bashinta yana cikin muryoyin nan, lambobin abokan cinikinta suna ciki, hoton jikan da ba ta taɓa gani ido da ido ba yana ciki, wataƙila har da muryar mahaifiyarta da ta riga mu gidan gaskiya. Danna ɗaya, sun tafi. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Tun 2015 wayoyin Android suke ɗauke da wani makulli da aka yi domin maganin ɓarayi: idan aka goge waya da maɓallanta ba tare da an fara cire asusun Google da ke kanta ba, ba za ta buɗe ba sai an saka sunan asusun da kalmar sirrinsa. To a garuruwanmu wa ke buɗe wa mutane wannan asusu? Yaron kanti, a tsaye, cikin minti biyar, ranar da aka sayi wayar. Shi ya zaɓi sunan, shi ya ƙirƙiro kalmar sirrin, bai rubuta wa kowa ba, shi ma ya manta kafin la'asar. Sai baiwar Allah ta bi shawarar da aka ba ta, ta wayi gari da waya mai lafiya wadda ta ɗauke ta a matsayin ɓarauniya. Garin neman gira an rasa ido. Tambaya guda, "Hajiya, kin san kalmar sirrin asusunki?", da ta hana wannan asara, amma tambayar ba ta cikin takardar.

Ba matashin da ke amsa kiran nake zargi ba. Ɗanmu ne, mai digiri watakila, an zaunar da shi ana ƙirga masa yawan kiran da ya amsa da mintocin da ya ɓata a kan kowane. Ba shi da ikon canza waya, ba shi da ikon mayar da kuɗi, sau da yawa ma bai taɓa riƙe irin wayar da ake yi masa bayani ba. Wanda ake auna aikinsa da saurin sallamar mutane, sallama zai ƙware a kai. Laifin na waɗanda suka rubuta takardar ne ba tare da sun tambayi me ke kashe waya a ƙasar Hausa ba.

Abin da ke kashe ta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manyan masu ƙera wayoyi suna rubuta cewa an yi su ne domin aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Afrilu da Mayu inuwarmu kan kai 45. Batir ba ya son zafi, yana rage ƙarfi, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ƙurar hunturu tana taruwa a ramin caji har bakin caja ya daina kamawa. Mutumin ƙauye a rumfar masu caji yake barin wayarsa, cikin ɗaruruwan wayoyi a kan janareta ɗaya mai wuta hawa da sauka, da cajar jabu wadda aka saya a faranti. Mai gyara na bakin kasuwa ya san wannan duka, shi ya sa kafin ya taɓa sukurudireba yake tambaya: ina kake caji, ta faɗi ne, yara na wasa da ita, tun yaushe ta fara? Tambayoyin maƙeri ne idan aka mayar masa da hauyar da ta karye, sai ya ji a wace irin ƙasa aka yi noma da ita.

Kada a ce na wanke masu gyara tas. A cikinsu akwai mai koyon aiki a kan wayar mutane, akwai mai cire kayan asali ya saka na jabu, akwai kuma wanda ba ya jin kunyar leƙa hotunan matan aure. Sai dai shi yana da rumfa, yana da suna, yana da shugaban ƴan kasuwa da za a kai ƙararsa. Mai amsa kira murya ce kawai, gobe wata za ka samu, ka sake labarin daga farko.

Sai maganar garanti, wadda ake yi mana ita kamar wata baƙuwar alfarma daga Turai. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san babin ciniki, ya san cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayarwa. Fataken shanu da goro sun yi ƙarnoni suna ciniki a kan lamunin maigida da shaidar dillali. Yau kuwa sai a ce kawo takardar saye. Wayoyi da yawa da ke hannun mutanen Maraɗi daga kasuwar Farm Centre ta Kano suka taso, suka bi ta Jibiya da Ɗan Issa, suka ratsa hannu uku ko huɗu, babu wanda ya rubuta wa wani ko harafi. Amma kowace waya tana da lambarta mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan ka danna *#06#, kuma da ita kamfani ke gane kayansa. Wanda ya ƙirga wayar cikin ribarsa bai kamata ya ce bai san ta ba don takarda ta ɓata.

Ba rashin iyawa ba ne. Masana'antar nan ta san mu sarai idan za ta sayar. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne da lura da buƙatunmu: gurbin kati biyu, batir mai jimawa, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, har da Hausa da Amhariyanci da Swahili a cikin waya. Wannan nazari ne na gaske, kuma ya biya. Abin da muke nema daga masana'antar baki ɗaya shi ne irin wannan nazari a kan ranar lalacewa. Inda hukuma ta tsaya, ana yi. Faransa a 2021 ta tilasta manna maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaran waya. Tarayyar Turai kuma daga Yunin 2025 ta wajabta samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin.

A Nijar, kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi murna, an yi muhawara. Ni dai inda zan auna wannan matsayi shi ne irin waɗannan wurare, inda talaka ke da haƙƙi a hannun mai ƙarfi. Hukumar ARCEP da ma'aikatar kasuwanci suna da hurumin da za su fara da shi: kowane mai kanti ya rubuta wa mai saye sunan asusunsa da kalmar sirrinsa da lambar wayar a takarda ɗaya, kowane kamfani ya ba mai ƙorafi lambar ƙara domin kada ya maimaita labari, kuma kada wani mai amsa kira ya ce wa mutum ya goge wayarsa sai ya faɗa masa, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, abin da zai rasa idan ya danna.