Ƙoda Ba Ta Kuka Da Wuri

Makon jiya na je barka a nan Sandamu, na tarar ɗaki cike. Ana cikin hira sai wata ta dafa ƙugu, ta ce ƙodarta ke ciwo. Nan da nan kowa ta zama likita. Wannan ta ce a jiƙa kanwa, waccan ta ce a aika kemis a sayo ƙwaya. A gefe kuwa ga wata mai cikin wata bakwai, fuska ta haye, zobe ya ƙi fita daga yatsa, ba wadda ta ce mata kome sai, "Kai, cikin nan ya karɓe ki!" To, ni wadda na ji wa tsoro ita ce ta biyun.

Ga dalili. Ƙoda biyu Allah ya ba kowa, ko wace kamar dunƙulen hannu, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari. Su ne matatar jini. A kwana ɗaya suna tace ruwa wajen lita 180, watau jarka bakwai da 'yan kai, su mai da kusan duka cikin jiki, su fid da dattin cikin fitsari kamar lita ɗaya da rabi. Abin da ya sa ciwonsu ke da mugunta shi ne, ƙoda tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum na ta harkarsa bai sani ba. Ciwon ƙugun da muke ɗora mata kuwa, galibi na daka ne da ɗaukar ruwa da goyo.

Mai cinye ƙoda a hankali, hawan jini ne da ciwon suga. Alamunsa sai tafiya ta yi nisa suke bayyana: kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa da yamma, fitsari mai kumfa kamar an kaɗa sabulu, yawan tashi fitsari da dare, kasala, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya. Ga mai ciki, kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai da gani dishi-dishi, alama ce jini ya hau, yana iya kai ta ga jijjiga, ya taɓa ƙoda. Haka wadda ta zub da jini da yawa wajen haihuwa, in aka ga ta wuni ta kwana fitsari bai zo ba, kada a tsaya dafa ruwan wanka, a nemi mota.

Akwai kuma masu zuwa da zafi. Abin nan da muke lulluɓewa da sunan "sanyi", in ya kai ga zafin fitsari, da zazzaɓi mai rawar ɗari, da ciwon kwiɓi, to, ƙwayar cuta ta hau daga mafitsara zuwa ƙoda. Tsakuwa ita ma ba ta ɓuya, ciwonta daga kwiɓi yake sauka mara, kamar naƙuda. Ta fi kama wanda ba ya shan ruwa sosai, balle da bazara.

Yara fa? Ku riƙa leƙa fo. Yaron da ya yi ciwon maƙogwaro ko ƙazuwa, bayan mako biyu ko uku idonsa ya kumbura, fitsari ya koma kalar shayi, asibiti za a kai shi. Wanda kuma ke ɗiga jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce ya kwaso wajen wanka a kududdufi ko dam. Ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu ke cewa. Maganinta ƙwaya ce, in an bar ta shekaru tana toshe hanyar fitsari.

Awon kuwa ba wuya. Za a ɗaura miki abin awo a dantse, in jini ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, sai a lura. Za a ba ki kwalba ki kawo fitsari, a tsoma 'yar takarda, nan take ta nuna ko akwai jini, ko suga, ko furotin da ke yoyo. Sa'an nan a ɗebi jini a duba wani abu wai shi kiriyatinin, shi ke faɗin ƙarfin da ya rage wa ƙoda. In da bukata a yi hoton ciki. Kunyar miƙa wa malamin asibiti kwalbar fitsari, haba, mu bar ta. Mai hawan jini ko suga ta roƙi awon nan ko da sau ɗaya a shekara. Ta kuma gaya wa likita gaskiyar abin da take sha, domin ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, in an mai da su goro, suna ɓata ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da wasu mayukan bilicin. Kunun kanwa ma, iyayenmu su yi mini gafara, ba na mai jegon da jininta ya hau ba ne.

In ƙoda ta gaza sarai, sai wankin ƙoda da na'ura, sau biyu ko uku a mako, wajen awa huɗu ko wane zama, ko kuwa dashe. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen tun 2002, amma kuɗin yana cinye gona da shanu.

Ita mai cikin nan, na ja uwar mijinta gefe muka yi magana, washegari aka kai ta awo Daura. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba gishiri da dunƙulen da muke zubawa a miya.