Kwaikwayo daban, satar zubi daban

A Amurka da Turai akwai masu sha'awar sinima da ke ƙera hulunan kwano irin na fim ɗin Star Wars na 1977. Mutum ya yi wata da watanni kan hula guda, sai wani ya saye ta, ya ɗauki zubinta, ya fitar da tuli, ya karya farashi. In an yi magana ya ce ai siffar ta masu fim ce.

Wannan hujja ba baƙuwarmu ba ce. Siffar kuros ɗin Agadas gado ce ta kowa. Amma maƙerin fari sai ya siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa, ya zuba azurfa, ya fasa yumɓun, kana ya zauna yin zane. Wanda ya kwafe gamammen aikin, gumin wani ya ci.

A ganinmu, wanda ya gani ya ƙera da hannunsa bai yi laifi ba. Ƴan kasuwa, maza da mata, ku tambayi wanda ya ƙera; in kwafi ne, ku gaya wa mai saye. Ranar da maƙeri ya rufe maƙera, aikin wa za a kwafa?