Kafin Mu Yi wa Kwamfuta Ƙaimi

A zangon karatun da ya wuce, ana tsakiyar bazara, mun ga abin takaici a ɗakin kwananmu. Wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya shekara yana tara kuɗi, yana ƙuntata wa cikinsa, har ya harhaɗa kwamfutar tebur da kayan gwanjo. Abin da ya rage a aljihunsa kuma ya zuba shi a kan na'urar sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiki da ruwa, wadda aka yi wa ado da fitilu ja da kore. Da ya gama sai ya shiga yi mata ƙaimi, abin da masu sana'ar suke kira obakulokin, wato tilasta wa ƙwaƙwalwar ta yi gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka yanka mata. Ma'aunin zafin ƙwaƙwalwar bai taɓa nuna wani abin tsoro ba. Ran nan da la'asar sai muka ji ƙauri, kwamfuta ta mutu. Da mai gyara ya buɗe ta, ya tarar ƙwaƙwalwa lafiya lau. Abin da ya ƙone wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne da ke jere a gefenta, waɗanda mai kwamfutar ko sunansu bai sani ba. Aikin bincikensa na shekarar ƙarshe ya tsaya har mako uku.

Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan hasara ta jahilci ce fiye da ta talauci, domin kuwa abin da zai hana ta bai kai kuɗin abincin kwana biyu ba.

Ya kamata mu fara da sanin waɗannan abubuwa. A kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara suke kira madabod, akwai wani sashe kewaye da mazaunin ƙwaƙwalwa da ake taƙaita sunansa da haruffan VRM. Aikinsa shi ne ya karɓi wuta mai ƙarfin bolt 12 daga akwatin wuta, ya sauko da ita zuwa bolt ɗaya da 'yan kai, wadda ita ce ƙwaƙwalwa ke iya sha. Abubuwa uku ne suke wannan aiki: tiransistoci da ake kira mosfet, masu buɗe wuta da rufe ta sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, da koyil, da kuma kapasita. Ana jera su rukuni-rukuni don su raba nauyin a tsakaninsu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mu yi lissafin da kowane ɗan aji uku na sakandare zai iya. Ƙwaƙwalwar Core i9-13900K, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2022, an rubuta mata shan wuta har wat 253 ko ba a yi mata ƙaimi ba. Idan muka ɗauki wat 250 muka raba da bolt 1.25, za mu sami amfiya 200, alhali kuwa fulogin da muke sokawa a bangon ɗaki amfiya 13 ne iyakarsa. Ko sashen nan mai kyau ne, wajen kashi goma cikin ɗari na wutar da ta bi ta cikinsa zafi take zama. Wat 25 ke nan, daidai da ƙaramin ƙarfen liƙa soda na masu gyaran rediyo, a kunne ba hutawa, a fili da bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Bugu da ƙari, zafin da wuta ke haifarwa yayin ratsa tiransisto ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da ita. Idan wutar ta ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Wanda ya ɗaga bolt daga 1.2 zuwa 1.4, ya kuma ƙara gudu da kashi ashirin cikin ɗari, ya ƙara amfiya da kimanin kashi arba'in, wannan zafi kuwa ya kusa ninkawa biyu.

Abin da ɗan'uwan namu bai lura ba shi ne, tsohuwar fankar da ke zuwa tare da ƙwaƙwalwa tana hura iska ƙasa, iskar ta bazu gefe-gefe ta shafi waɗannan tiransistoci. Ranar da ya cire ta ya ɗora na'urar ruwa, ƙwaƙwalwa ta sami sanyi, masu kawo mata wuta kuma aka bar su cikin iskar da ba ta motsi. An yi wa doki adon sirdi, an manta da ba shi ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Yawancin gwaje-gwajen kayan kwamfuta da muke karantawa an yi su ne a Turai da Amurka, cikin ɗakunan da zafinsu bai fi digiri ashirin da 'yan kai ba. A Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa, zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan digiri guda ne ya ƙaru a jikin na'ura. Allon da aka auna a can aka ga digiri 85, aka ce ba laifi, a ɗakinmu zai wuce 100. Yawancin mosfet iyakar haƙurinsu tsakanin digiri 125 ne da 150. Kapasita kuma galibi digiri 105 aka rubuta musu, kuma zafi yana cin kwanakinsu tun kafin a kai can. Ga ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kansu kamar bargo. Saboda haka wanda ya kwaikwayi lambobin wani Bature ba tare da ya dubi ɗakinsa ba, ya ɗauki rawar da ba a kaɗa masa gangarta ba.

Maganin kuwa yana kusa. Na farko, fanka. Ƙaramar fanka mai faɗin milimita 80, irin wadda ake cirowa daga mataccen akwatin wuta, idan aka ɗaure ta da igiyar roba tana hura iska kai tsaye a kan sashen, tana rage zafi ƙwarai da gaske. Na biyu, ƙarfen shan zafi. Idan tiransistocin tsirara suke, a sami tsohon ƙarfen alminiyom mai haƙora na wata matacciyar kwamfuta, a yanka shi da zarto daidai tsawonsu, a goge bakinsa, a ɗora shi a kan 'yar shimfiɗar roba mai ɗaukar zafi, wadda ba ta ɗaukar wuta. A ɗaure shi da kyau, domin ƙarfen da ya zame ya taɓa ƙafafun wuta zai yi ɓarnar da ta fi ta zafi. Idan ma allon ya zo da nasa ƙarfen, a ɗaga a duba shimfiɗar, tun da ta kayan gwanjo sau da yawa ta bushe ta farfashe. Na uku, a tuna da bayan allo: zafi yana bin jan ƙarfen da ke cikinsa ya fita ta baya, iska kaɗan a can ma tana taimakawa. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, awo. Manhajar HWiNFO, wadda ake samu kyauta don amfanin kai, tana nuna zafin sashen idan allon yana da ma'auni. Idan ba shi da shi, mitar masu gyara mai wayar auna zafi ta wadatar. A ƙara bolt kaɗan-kaɗan, ana aunawa, kuma a yi gwajin da rana tsaka, lokacin da zafi ya fi tsanani.

Mun san wasu za su ce araha ba ta ado, gara mutum ya sayi allo mai tsada ya huta. Akwai gaskiya a maganarsu. Allon da aka ƙera da rukuni huɗu marasa ƙarfi yana da iyakar da fanka ba za ta kawar ba, kuma ƙaimi yakan soke garantin kamfani. Wanda ya san allonsa rarrauna ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma kada mu manta asalin wannan sana'a. A 1998 masu ƙaramin ƙarfi suka gano cewa Celeron 300A, ƙwaƙwalwa mai araha, tana iya tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta yi kafaɗa da Pentium II mai tsadar gaske. Dabarar talaka ce tun farko, 'yan kasuwa ne suka mai da ita gasar nuna arziki.

Hatta gwanayen duniya ba su raina ƙananan dabaru ba. A 2011 an kai AMD FX-8150 gudun gigahaz 8.429, a ƙarshen 2022 kuma aka haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, duka biyun da taimakon ruwan hiliyom. Masu irin wannan gasa sun fi yawan aiki da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A irin wannan sanyi raɓa ce abar tsoro, domin takan taru a kewayen ƙwaƙwalwa ta haɗa wuta. Da me suke kare allon? Da man basilin, da robar goge fensir mai laushi, da takardar goge hannu, da fanka a gefe. In waɗanda kamfanoni ke ba kaya kyauta suna dogara da irin waɗannan, mu da muke lissafin kuɗin mota ba mu da dalilin jin kunyarsu.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta tanadi mitar awon zafi ko da guda biyu ce, wadda ɗalibi zai ara ya dawo da ita, ta kuma shirya bita a kan harhaɗa kwamfuta kafin shigowar kowace bazara. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati kuma sun san irin matattun kwamfutocin da ke jibge a ɗakunan ajiya na ma'aikatu suna cin ƙura. Su yi ƙoƙari a bi ƙa'ida a miƙa su ga makarantu, domin kowace ɗaya tana ɗauke da fanka da ƙarfen da za su ceci kwamfutar wani ɗalibi. Kwamfutar ofis kuwa dukiyar jama'a ce, ba a gwajin ƙaimi da ita.

Ɗan'uwan namu ya ranci kuɗi ya sayi wani allon. Yanzu akwai tsohuwar fanka ɗaure da igiyar roba a gefen na'urarsa mai fitilu, kuma kullum sai ya duba ma'auni kafin ya taɓa bolt. Allah ya sa mu koya daga hasararsa, kada mu jira tamu.