Wa Ya Kashe Dakalin Ƙofar Gida?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da kuka riga mu karɓar takardar kama aiki, akwai wata magana da ba a cika yin ta a ɗakin lacca ba, alhali kuwa duk wanda ya je hutu gida ya gan ta da idonsa. Maganar ita ce yadda ake yanka filaye a garuruwanmu, da irin gidajen da ake ɗorawa a kansu, da abin da wannan yake yi wa zaman jama'a.

Ka shiga cikin garin Birnin Kudu bayan sallar la'asar. Dattawa na zaune a dakali, tela ya fito da kekensa bakin zaure, mai shayi yana hura wuta, 'yan talla suna ratsa lungu da farantan ƙosai, almajirai suna wanke alluna. Ba za ka yi taku hamsin ba sai ka yi sallama, an amsa maka, an tambaye ka mutanen gida. Sa'an nan ka fita zuwa sababbin unguwannin bakin gari, inda manyan ma'aikata da 'yan siyasa suka yi gini. Titi ga shi nan miƙaƙƙe, mai faɗi, amma tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Katanga ta fi tsawon mutum, an jera mata fasassun kwalabe, ƙyauren ƙarfe a garƙame. Na taɓa zuwa gaishe da wani kawuna a irin wannan unguwa, na yi ta buga ƙyaure cikin rana, babu inuwar da zan raɓa, babu ko yaron da zan aika ciki. Wai wannan ne ci gaba.

Wannan shirun gado ne, kuma mun san wanda ya bar mana shi. Turawan mulkin mallaka, ƙarƙashin dokar garuruwa ta Lugga ta 1917, sun keɓe wa kansu unguwanni, suka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Haka aka yi Nasarawa a Kano: gida ɗaya tsakiyar makeken fili, ba kasuwa, ba sana'a, ba maƙwabci. Da Bature ya tafi a 1960, 'yan bokonmu suka tare a gidajensa, suka kuma ɗauki tsarinsa suka mai da shi ma'aunin wayewa. Aka zana Abuja a 1979 domin mai mota. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedkwata, sai rukunin gidajen ma'aikata suka bi wannan sawu, ƙananan hukumomi kuma suka shiga kwaikwayon Dutse. Kowa yana kwaikwayon na sama da shi, har a kai ga Baturen da ya gina gidansa don kada ya haɗu da mu.

Abin takaici, su kansu Turawan sun daɗe da yin nadama. Tun a 1961 wata mata a birnin New York na Amurka, Jane Jacobs, ta rubuta littafi tana ƙalubalantar masanan tsara birane na ƙasarta. Hujjarta ita ce titi yana rayuwa ne idan ƙofofi da tagogi suna fuskantarsa, idan gida da kanti da wurin sana'a suna cakuɗe, idan akwai idanun mutane a kansa safe da dare. To, wane sabon abu ta faɗa wa Bahaushe? Maginin da ya ƙago zaure ya san wannan tun kafin a haifi kakanta. Zaure yana tsare mutuncin iyali a ciki, yana kuma buɗe fuskar gida ga jama'a. A nan ake karatu, a nan ake ɗinki da dukanci, a nan ake sulhu, a nan baƙo yake samun ruwa. Gidan da ba shi da zaure ya juya wa unguwa baya, kuma unguwar da duk gidajenta suka juya mata baya ta zama hanyar wucewa kawai.

Na san abin da za a ce. Za a ce lungun cikin gari ƙunci gare shi, motar kashe gobara ba ta shiga, kwata tana gudu a tsakiyar hanya, da damina ruwa yana cin ginin ƙasa. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ɗauki mai naƙuda a kafaɗa zuwa bakin titi ba zai yi wa lungu kirari ba. Amma maganin wannan shi ne magudanar ruwa, da famfo, da 'yar faɗaɗawa inda ta zama tilas. Ba a rushe ɗaki don ɓera. Za a kuma ce tsaro ne ya kawo katanga. Wane tsaro? Ɓarawon da ya haura katanga a unguwar da ba wanda ya san wani ya samu sutura, don ba mai ganinsa. A cikin gari kuwa, baƙuwar fuska ba ta wuce majalisa biyu ba a tambaye ta wa take nema ba.

Sa'an nan a tambaya: wa tsarin ya kora? Idan takardar fili ta ce nan gidan kwana ne kaɗai, an hana tela da mai faci da matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli daga cikin gida. An tura su bakin babbar hanyar da ta taso daga Kano, su yi ta kokawa da manyan motoci, in an tashi kuma a ce sun tare hanya a kwashe musu kaya. Talaka da ƙafa yake yawo, amma da ma'aunin mai mota ake auna masa gari.

Birnin Kudu da Gwaram ba su kai cunkoson Kano ba, shi ya sa nake maganarsu. A Kano bakin alƙalami ya kusa bushewa: an kafa gada a Ƙofar Nasarawa, motoci suna bi ta sama, mai tafiya a ƙasa yana neman inda zai tsallaka. Mu kuwa gonakin da ke kewaye da garuruwanmu yanzu ake auna su. Mutumin Gwaram ma ba ya bukatar a ba shi labari, tunda yana da Tsohuwa da Sabuwa, sai ya zaga su da yamma ya auna da kansa. Wanda kuma ya ci kasuwar Sara ya san abin da ke tara jama'a.

Saboda haka nake kira gare ku, ku da gobe za a miƙa wa tef da takardar zane a ofishin filaye. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, ta karkara a hannun ƙaramar hukuma, amma hannun da ke jan layin naku ne. Ku rage girman fuloti don mai ƙaramin ƙarfi ya samu. Ku halatta shago da zaure a fuskar kowane gida. Ku bar dandali da masallaci da 'yar kasuwa inda tsohuwa za ta iya takawa, ku sa dashen darbejiya cikin sharaɗin ba da fili. In kuma shugaban ofis ya ce a Abuja ba haka ake yi ba, ku roƙe shi ya ajiye motarsa, ya taka sabuwar unguwar da ƙafa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu.