Wa Zai Rubuta Labarin Talakawan Ƙaraye da Rogo?

Duk ɗalibin da ya leƙa kundayen da ake rubutawa a kan garuruwanmu zai tarar kusan tafarkinsu ɗaya ne. Za a fara da maharbin da ya sari gari, a jero sarakuna da shekarun da kowane ya yi, a kawo tashin jihadi, sannan a rufe da zuwan Turawa a 1903. Wannan salo mun gaje shi ne daga littattafai irin su Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, kuma ba na raina shi. Amma mai karatu zai gama kundi sukutum bai san abin da mutanen garin suke ci da damina ba, ko yadda mace take kashe aurenta, ko wanda yake noma gonar da sarki yake ci. A nawa ɗan ganin, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, wannan giɓi ne babba, kuma cike shi aikin Sashen Hausa ne kafin ya zama na kowa.

Abin mamaki shi ne, mafi cikar bayanin da ake da shi game da zaman yau da kullum na ƙasar Hausa kafin Turawa daga yammacin Kano ya fito, daga bakin tsohuwa guda. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi ne a yankin Zarewa, cikin ƙasar Rogo ta yanzu. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa. Baba ta rasu a 1951, littafin kuwa ya fito da Turanci a 1954.

Baba ba ta jero sarakuna ba. Ta faɗi yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin 'yan mata, da yadda ake riƙon ɗan wani, domin ita kanta ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta rena. Ta yi maganar bori da kishi da zawarci ba tare da kunyar da mu 'yan boko muke ji ba. Sannan ta faɗi abin da kundayenmu suke kauce wa, wato bauta. Danginta suna da rinji, bayi suna noma gandu su kuma yi tasu gayauna bayan an tashi. Su kansu iyayen gijin ba su tsira ba, gama mahara sukan faɗo wa mutane a gona ko a hanya su kwashe mata da yara, sai dangi su yi ta haɗa wuri don fansa. Wanda ya karanta wannan zai gane ganuwar da muke yi wa kirari tsoro ne ya gina ta, zai kuma rage yawan cewa zamanin da duk lafiya ne da albarka.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsohuwa ba. A ƙasar Sin an yi wata mata mai suna Ning, haifaffiyar tsohon birnin Penglai a 1867, wadda ta ba wata Ba'amurkiya, Ida Pruitt, labarinta a birnin Bejin, aka buga shi a 1945, shekara huɗu kafin 'yan kwaminis su karɓi mulki. An ɗaure mata ƙafa tun tana yarinya bisa al'adar wancan zamani, aka aurar da ita ga mashayin ofiyam wanda har 'yarsu ya sayar, ta yi bara, ta yi aikatau a gidajen manya. Sinawa sun fi mu tarin littattafan sarakuna nesa ba kusa ba, amma mai son sanin yadda talaka ya rayu a lungunan birni sai ya koma ga irin su Ning. Daga baya an rushe ganuwar Bejin aka shimfiɗa hanya a gurbinta, labarin matar kuwa yana nan. Abin da ya kamata ya ɗan sosa mana rai shi ne, a can da nan duka baƙuwa ce ta zauna ta saurara.

Wani zai ce ai bakin alƙalami ya bushe, tunda babu sauran wanda ya ga 1903 da idonsa. Gaskiya ne. Sai dai kowane zamani yana da nasa "da". A Ƙaraye da Rogo akwai dattawan da suka noma gyaɗa lokacin dalar gyaɗa, suka san ɗan doka da dogari na zamanin En'e, suka biya haraji da jangali kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Akwai waɗanda aka tasa daga ƙauyukansu saboda madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992, kuma su kaɗai suka san sunayen fadamu da kasuwannin da ruwa ya shanye. Da aka ƙirƙiro masarautar Ƙaraye a 2019, aka rushe ta a 2024, aka sake maido ta a daraja ta biyu a cikin shekarar, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Har yanzu dai hankalinmu yana ƙofar fada.

Shawarata ga sashe ita ce a yarda ɗalibi ya ɗauki rayuwar mutum guda, ungozoma ko marini ko tsohon ɗan koli, ta zama kundinsa na neman digiri, a ba shi maki daidai da mai nazarin nahawu. Sharaɗi kawai shi ne a rubuta maganar yadda ta fito daga bakin mai ita, da karin harshensa, kada a goge ta ta koma daidaitacciyar Hausa, kuma a ajiye muryar a sashe bayan an nemi izininsa. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa wannan aiki. Ya kamata kuma a fi ƙarfafa wa ɗalibai mata guiwa, domin su ne za su shiga cikin gida su zauna da Iya ko Gwaggo, inda mu maza iyakarmu zaure.