Fari ko Baƙi, Duk Kanwar Ja Ce

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:16-18



Wata gardama ta shigo zumuntarmu ta cikin waya, kuma ba za mu yi shiru a kanta ba. Masu buga wasannin jarumai da dodanni suna cewa mugayen ruhohi iri biyu ne. Akwai mahaukaci mai ɓarna, akwai kuma mai tsari da cika alkawari, wanda mai wayo zai yi ciniki da shi ya fita da riba. Har wasu sun fara tambaya ko haka abin yake a zahiri. Amsarmu ita ce a'a, kuma na biyun ne ya fi cin mutane.

Wasan da ya fi yaɗa wannan rabo shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, a jefa ɗan lido a ga abin da zai faru. A cikinsa waɗanda ake kira demon 'yan hargitsi ne na wani rami marar iyaka. Waɗanda ake kira devil kuwa suna da sarauta da muƙamai a gidajen wuta tara, suna rubuta yarjejeniya, suna sayen rai. Ɓangarorin biyu ma yaƙi suke da juna. Da iyaye da ikkilisiyoyi suka yi ƙorafi, sai aka cire sunayen a bugun 1989, daga baya aka dawo da halittun da sababbin sunaye. Wasannin kwamfuta sun gaji tsarin. A Baldur's Gate 3 na 2023, shaiɗanin da ke zuwar wa jarumi da tayin taimako ɗan gayu ne mai ladabi da daɗin baki.

Mu da muka fito daga gidajen Maguzawa, tsakanin Bichi da Dambatta, wannan ba sabon labari ba ne. Kakanninmu sun raba iskoki gida biyu tun kafin a ƙera waya: farare na gari, da baƙaƙe na daji. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya rubuta wannan rabo a littafinsa na 1946. Masu bori suna ba iskoki birni, Jangare, da gidaje 12 da sarki. A can akwai Malam Alhaji mai karatu, akwai Ɗan Galadima mai ado da kyauta da caca. Akwai kuma Inna, wadda har yau ciwon da ke shanye ƙafar yaro yake ɗauke da sunanta. Ku tambayi tsofaffin ikkilisiyarmu: wane ne ya fi cin kaji da awaki a gidan gandu? Za su gaya muku cewa wanda aka ƙulla zumunci da shi, shi ne ba a gama biyansa. Bana kaza, baɗi akuya, in an yi jinkiri a ce ya yi fushi.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan rabo ba. A Helenanci na Sabon Alkawari, Iblis ɗaya ne, sunansa na nufin mai sara da ƙazafi, aljannu kuwa masu yawa ne a ƙarƙashinsa. A Markus 3 Yesu ya nuna mulkinsu ɗaya ne, bai rabu yana yaƙar kansa ba. Inda fassarar Hausa da muka taso da ita ta ce baƙin aljan, asalin kalmar ruhu marar tsarki take nufi. Ba ta ce akwai wani fari da za a yi abota da shi ba.

Ku dubi karatunmu na yau. Ruhun da ke jikin baiwar nan ta Filibi bai sa ta tsinka sarƙa ko kwana a makabarta ba, kamar mutumin Markus 5. Duba yake yi, yana kawo wa iyayengijinta kuɗi, har ma ya faɗi gaskiya game da Bulus da Sila. A lissafin wasa mai tsari ne, a lissafin kakanninmu fari ne. Bulus bai tambayi launinsa ba. Ya kore shi da sunan Yesu. Haka a jeji, Shaiɗan bai zo wa Ubangijinmu da ƙaho da ihu ba. Da tayi ya zo, har da ayar Zabura a bakinsa.

Ga inda hatsarin yake. Ba mu ce aljani yana bin caji ya shiga waya ba. Abin da ke shiga shi ne tunanin cewa akwai muguntar da za a yi sulhu da ita. Saurayin da ya yarda da haka, in jarrabawa ta matso ko kuɗin aure ya gagara, zai je wurin boka yana cewa ai wannan da fararen aljannu yake aiki. Sai ya sa kuɗin taki a cacar waya yana cewa ya san inda zai tsaya. Budurwa ta karɓi kyautar da ta san akwai sharaɗi a bayanta. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta sa fatar akuya.

Iyaye, ku ma maganar ta shafe ku. Laifi tudu ne. Wani ya ƙwace wayar ɗansa saboda hoton dodo, alhali akwai laya binne a kusurwar gonarsa don gero ya yi albarka. Dodon waya zane ne. Layar nan kuwa yarjejeniya ce. A fara tono ta.

Matasa, in za ku yi wasa, ku yi da ido biyu. Duk lokacin da wasan ya ce ku sa hannu don ku sami ƙarfi, ku tuna Yahaya 8:44: mai ba da takardar maƙaryaci ne tun asali. An riga an saye mu da jinin Almasihu, ba mu da ran da za mu kai kasuwa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu idon gane Mugun ko da ya zo da farar riga, ka ba mu zuciyar ƙin tayinsa. Cikin sunan Yesu, amin.